Yini Ɗaya a Ƙauyen Masunta na Bakin Teku

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wataƙila ka sha cin kifi a gida, amma ba ka taɓa ganin yadda ake fito da shi daga teku ba. Ƙasarmu Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850 a bakin Tekun Atilantika. Wannan gaɓa ta bi ta jihohi irin su Legas da Ondo da Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom, kuma cike take da ƙauyukan masunta. A wannan darasi za mu ɗauki misalin ɗaya daga cikinsu, wato Orimedu, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Ibeju-Lekki ta Jihar Legas. Mutumin da yake zaune a birnin Legas yana iya zuwa can da safe ya dawo gida kafin magariba. Tafiyar ba ta da wuya, amma tana da sharaɗi ɗaya. A ƙauyen masunta teku ne yake tsara lokaci, don haka baƙo ne zai bi lokacin mutanen gari.

Shiri da Hanya

Da farko ka zaɓi lokacin da ya dace. Daga watan Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ya ɗauke, teku kuma yakan lafa. A tsakiyar damina kuwa, musamman daga Yuni zuwa Satumba, iska tana da ƙarfi, igiyar ruwa tana tashi sosai, wata rana ma masunta ba sa iya fita. Ka nemi izinin iyayenka, kada kuma ka tafi kai kaɗai. Zai fi kyau ku tafi tare da malaminku ko wani babba. Ka ɗauki ruwan sha, da hula ko malafa saboda rana, da takalmin roba, da littafin rubutu, da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu.

Ka yi sammako. Hanyar da ta tashi daga Lekki zuwa Epe tana yawan cunkoso, musamman wajen Ajah, kuma wanda ya makara zai ƙare safiyarsa a cikin mota. Idan kun kai mararrabar Eleko sai ku ratse dama, ku bi hanyar da ta nufi bakin teku. Za ka fara ganin itatuwan kwakwa da farin rairayi, ka ji iska mai ƙamshin gishiri. Wannan alama ce cewa kun kusa.

Isa Ƙauyen

Abu na farko shi ne gaisuwa. Ƙauyen masunta wurin zaman mutane ne da wurin neman abincinsu. Ka gai da dattawan da ka tarar, ka faɗi daga inda kuka zo da abin da ya kawo ku. Mutanen yankin Yarabawa ne, amma akwai masunta 'yan asalin ƙasar Gana da suka daɗe suna zaune tare da su. Kafin ka ɗauki hoton mutum, ko na jirginsa, ka tambaye shi. Kada ka taka koma da aka shanya a kan rairayi, domin dukiya ce mai tsada, kuma gyaranta yana cin lokaci.

Jirgi da Koma

Mutumin da yake sana'ar kamun kifi shi ne masunci, jam'insa masunta, sana'ar kuwa sunanta su. Jirgin da masuntan teku suke amfani da shi ya fi kwalekwalen kogi girma nesa ba kusa ba. Ana sassaƙa gindinsa daga babban icce, sannan a ƙara masa katako a gefe biyu don ya iya tsayawa gaban igiyar ruwa. Sau da yawa za ka ga an yi masa fenti mai launi iri-iri, an rubuta masa suna ko addu'a. Ana ɗaura masa inji mai amfani da fetur, mutane da yawa kuma suke shiga jirgi ɗaya.

Wasu masunta suna fita da dare ko da asuba, su yi nisa cikin teku, su jefa koma, su dawo da safe ko da rana. Wasu kuma daga tudu suke aikinsu. Sukan bar bakin igiya ɗaya a kan rairayi, jirgi ya shiga ruwa yana sauke doguwar koma, ya zagayo ya dawo da ɗaya bakin. Daga nan mutane su rabu kashi biyu, kowane kashi ya kama igiya, su yi ta ja suna waƙa don ƙarfinsu ya zo ɗaya. Wannan aiki yakan ɗauki sa'o'i. Idan koma ta iso tudu za ka ga ƙananan kifaye irin su bonga da shawa, da manyan kifaye, da kaguwa, da jatan lande.

Aikin Mata

Da zarar kifi ya sauka, aikin mata ya fara. Su ne suke zuwa da manyan robobi su yi ciniki, su sayi kifin, su kai kasuwa. Saurinsu yana da dalili. A ƙasa mai zafi irin tamu ɗanyen kifi yana lalacewa cikin 'yan sa'o'i idan babu ƙanƙara. Saboda haka abin da ba a sayar ba nan take sai a yi bandarsa. Banda ita ce a jera kifi a kan waya, a hura wutar icce a ƙarƙashinsa, zafi da hayaƙi su busar da shi. Kifin banda yana daɗewa bai ɓaci ba, shi ya sa ake iya kai shi kasuwanni masu nisa da teku.

Idan kana son sayen ɗanyen kifi, ka dubi abu 3. Idonsa ya kasance garau, ba mai hazo ba. Ka ɗaga marfin da yake gefen kansa, inda yake numfashi, ka ga cikinsa ja ne. Sannan ka danna jikinsa da yatsa: idan sabo ne naman zai koma yadda yake. Ka yi ciniki cikin ladabi. Ka tuna cewa a cikin kuɗin kifin nan akwai kuɗin fetur, da gyaran koma, da rabon dukan mutanen da suka kwana a kan ruwa.

Hattara da Teku

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci. Teku ba kogi ba ne, ba kuma tafki ba ne. Ruwansa yana cikowa yana janyewa sau 2 a kowace rana, kuma ƙarfin jan wata ne babban dalilin haka. Wurin da ka ajiye jakarka a bushe da safe, ruwa yana iya rufe shi da rana. Bayan wannan, a gaɓar Legas akwai wuraren da ruwa yake komawa cikin teku da gudu ta wata siririyar hanya. Ido ba ya saurin gane su, kuma suna iya janye ko da gwanin iyo. Rayuka da dama sun salwanta ta wannan hanya. Saboda haka kada ka shiga wanka, kada ka juya wa teku baya idan kana kusa da ruwa, kada kuma ka tsaya gaban jirgi lokacin da igiya take turo shi tudu. Idan masunci ya ce ka matsa, ka matsa nan take. Rigakafi ya fi magani.

Abin da Yake Canzawa

Rayuwar masunta tana fuskantar matsaloli. Ledoji da robobin da muke zubarwa a cikin birni suna bin magudanan ruwa su shiga teku, su cika koma maimakon kifi. Doka ta hana manyan jiragen su yin aiki a cikin kimanin kilomita 9 daga gaɓa, domin a bar wa ƙananan masunta wannan yanki, amma masunta suna kukan cewa ana karya dokar. Yankin Ibeju-Lekki kansa yana canzawa da sauri. A shekarar 2023 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar mai ta Ɗangote, duk a wannan ƙaramar hukuma. Ka tambayi dattawa yadda su yake a zamanin ƙuruciyarsu da yadda yake a yau, ka rubuta amsarsu a littafinka.

Komawa Gida

Ku kama hanya tun da la'asar, kafin cunkoson yamma. Ka tattara sharar da kuka yi ka tafi da ita, ka yi wa waɗanda suka karɓe ku godiya da sallama. Idan ka isa gida aka kawo maka abinci da miyar kifi, za ka iya gaya wa 'yan'uwanka hannaye nawa kifin nan ya bi kafin ya iso kwanonka.

Tambayoyi

1. Waɗanne watanni ne suka fi dacewa da wannan tafiya? Me ya sa?
2. Bayyana yadda ake jan koma daga tudu.
3. Mece ce banda, kuma mene ne amfaninta?
4. Kawo dalilai 2 da suka sa bai kamata baƙo ya shiga wanka a teku ba.