Ƙashin bayan yaro

Ƙashin baya ba sanda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne wajen 33, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Akwai 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a tsatso. Sauran suna can ƙasa, a manne da juna.

In aka dubi mutum ta baya, ƙashin a miƙe yake. In aka dube shi ta gefe, sai a ga tsatsonsa ya lotsa ciki. Wannan lotsawa ba ciwo ba ce. Ita ke taimakon mutum ya tsaya daidai bisa ƙafafunsa.

Jariri ba a haihuwarsa da ita. Bayansa a lanƙwashe yake kamar baka. Da ya kai wata 3 ko 4, ya fara ɗaga kai, sai wuyansa ya lanƙwasa. Da ya kai wajen shekara ɗaya, ya fara tsayuwa da tafiya, sai tsatso ya fara lotsawa. Haka za ta yi ta ƙaruwa sannu-sannu har yaro ya balaga.

Likita yana auna ta a hoton ƙashi. Yana jan layi biyu, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu. Wani likitan Amurka, John Cobb, ya bayyana wannan dabara a 1948. Kusurwar ɗaki digiri 90 ce. Ta tsatson babban mutum takan kama daga digiri 40 zuwa 60. Ta ƙaramin yaro ba ta kai ta babba ba.

A Sassumbrum, yara suna ɗaukar ruwa da itace a ka, ƴan mata suna goyon ƙannensu. Kaya ya kamata ya zama daidai ƙarfin yaro.

Akwai gwaji mai sauƙi. Yaro ya haɗa ƙafafu, ya duƙa, ya saki hannuwa. Wani ya dube shi ta baya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko doro ya fara fitowa, a kai shi likita. Tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya, kuma yana da magani. In ana bukatar hoto, sai a tura yaron babban asibiti, kamar na Damagaram. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Ƙasusuwa nawa ke tsatso?
2. Yaushe tsatson yaro ke fara lotsawa?
3. Wace alama ce ke sa a je likita?