Dunƙulen Shinkafar Da Ake Yi Wa Layi A Kasuwar Tokyo

Duk wanda ke harka a kasuwannin kan iyaka, ko a Birnin Ƙonni da Illela, ko a Ɗan Isa da Jibiya, ko a Maigatari, ya san ƙasar Japan ko da bai taɓa taka ta ba. Ya san ta a jikin Toyotar da ke ɗaukar masa kaya, da babur ƙirar Honda ko Yamaha, da injin ban ruwa da janareto. Abin da ba kasafai muke jin labarinsa ba shi ne abin da ɗan kasuwar can yake sa wa cikinsa idan ya yi sammako, alhali kuwa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abincin nan wani dunƙulen shinkafa ne da bai wuce cikin tafin hannu ba, wanda suke kira onigiri, wasu kuma su ce omusubi. A yau za mu kai masu karatu kasuwar Tsukiji da ke birnin Tokyo, domin su ga yadda ake cinikinsa, da kuma yadda tsadar shinkafa ta girgiza wannan ƙasa mai arziki.

Kasuwar Da Ta Ƙi Mutuwa

Asalin kasuwar kifin Tokyo tana unguwar Nihonbashi ne, sai girgizar ƙasa ta shekarar 1923 ta rusa ta, aka nema mata sabon wuri kusa da bakin teku, inda aka buɗe kasuwar Tsukiji a 1935. Ta shafe shekaru sama da 80 tana cikin manyan kasuwannin kifi na duniya. A jikinta ne wasu layukan rumfuna suka tsiro, waɗanda ake kira kasuwar waje, inda ake sayar da wuƙaƙe da busasshen kifi da ganyen shayi da dafaffen abinci ga dillalai da 'yan dako da masu gidajen abinci da ke zuwa sari tun kafin gari ya waye.

A watan Oktoba na 2018 hukumar birnin ta kwashe 'yan sari zuwa sabuwar kasuwar Toyosu. Wanda ya taɓa ganin yadda tayar da tashar mota ko rufe iyaka ke karya mai tuwo da mai shayi a garuruwanmu zai fahimci fargabar da masu rumfunan suka shiga. Sai dai kasuwar wajen ta tsaya inda take, da rumfuna da kantuna sama da 400, kuma masu saye ba su daina zuwa ba. Ga tsoffin abokan ciniki, ga kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido da ke cika layukan tun da hantsi.

A Gaban Rumfar

Cikin rumfunan da suka yi suna wajen onigiri a wannan kasuwa akwai wata mai suna Marutoyo. Ƙaramar rumfa ce mai kallon hanya, tana buɗewa da sassafe, kuma wanda ya makara yakan tarar irin da yake so ya ƙare. Da muka isa mun sami layi a gabanta, har da masu sana'ar kifi sanye da dogayen takalman roba, da ma'aikatan ofis, da baƙi riƙe da wayoyi suna ɗaukar hoto.

Dunƙulen suna jere reras a gaban mai saye, kowane iri da sunansa da kuɗinsa a rubuce. Babu tayi, babu albarka. Mutum ya nuna abin da yake so, ya biya, a miƙa masa canjinsa daidai tare da godiya, ya matsa wa na baya. Shi ya sa layin yake tafiya duk da tsawonsa. Wanda rumfar ta fi shahara da shi shi ne wanda suke kira bakudan, wato bom, saboda an dunƙule dafaffen ƙwai guda a cikinsa. Mu dai mun ɗauki guda biyu: ɗaya mai gasasshen kifin salmon da aka sa wa gishiri, ɗaya kuma mai umeboshi, wato ɗan itacen ume da aka daɗe da jiƙawa a gishiri.

An naɗe kowanne da wani baƙin ganyen teku mai kama da takarda, wanda ake kira nori, shi ne kuma mariƙinsa, don kada shinkafar ta manne a yatsu. Da hannu ake ci, ba a buƙatar cokali ko tsinkayen nan nasu na cin abinci. Cizon farko gishiri-gishiri ne da ƙamshin teku, sannan shinkafar ta warware a baki ƙwaya-ƙwaya, da ɗan zaƙi nata na kanta. Sai a cizo na biyu ko na uku ake iske abin da aka ɓoye a tsakiya. Shi umeboshin yana da tsamin da ya kere na tsamiya, har sai mutum ya runtse ido, amma da ya haɗu da farar shinkafa sai ya zauna daram. Guda biyu da kofin shayi sun riƙe mu har bayan azahar.

Haka kuma mun lura ba a son mutum ya riƙa ci yana tafiya cikin kasuwar. A tsaya gefen rumfa a cinye, ledar kuma a sa ta a jaka, domin kwandon shara yana da wuyar gani a titunan Tokyo, duk da haka ba ka ganin leda a ƙasa.

Sirrin Yana Ga Shinkafar

Mai karatu zai iya zaton tuwon shinkafa muke nufi. Akwai bambanci. Tuwo ana tuƙa shi har ƙwayar ta narke, sannan a malmala, kuma ba ya ciwuwa sai da miya. Onigiri ba a tuƙa shi. Ana dafa shinkafar da ruwa zalla, babu mai babu magi. Tun tana da zafi mai yin zai jiƙa hannuwansa, ya shafa gishiri a tafinsa, ya ɗebi shinkafar, ya sa abin haɗin a tsakiya, ya matsa ta a hankali 'yan lokuta kaɗan har ta yi kusurwa uku. Sunan ma daga nan ya fito, domin kalmar nigiru a harshensu tana nufin damƙewa. Gwaninta ita ce a matsa yadda ba zai wargaje a hannu ba, amma ya warware a baki. Wanda ya matse shi da ƙarfi ya ɓata shi.

Wannan ba ya yiwuwa da doguwar shinkafar Tailan ko ta Indiya da muka saba gani a buhu, domin ita warwara take yi. Ta Japan gajera ce mai ƙiba, tana da danƙo idan ta dahu, kuma ko ta huce ba ta bushewa da wuri. Irin da ya fi suna shi ne Koshihikari, wanda aka fitar a 1956, kuma wadda ake nomawa a yankin Uonuma na jihar Niigata tana cikin mafi tsada. Abin haɗin kuwa yawanci mai gishiri ne ko mai tsami, kamar ƙwan kifi, ko busasshen kifi da aka kankare, ko dafaffen ganyen teku, saboda gishiri da tsami suna hana shinkafa saurin lalacewa a hanya.

Guzurin Da Ya Daɗe

Abin da fura take ga fatake da makiyaya, shi onigiri yake ga mutanen Japan. A 1987 masu tonon kayan tarihi a jihar Ishikawa suka gano wani ƙonannen dunƙulen shinkafa da aka ƙiyasta ya kai shekara 2,000. Mayaƙan zamanin da sun riƙa ɗaukarsa a naɗe cikin ɓawon gora, haka manoma idan za su gona. Ana cewa abincin farko da aka sayar wa fasinjojin jirgin ƙasa a ƙasar, a tashar Utsunomiya a 1885, dunƙule biyu ne da ɗan kayan tsami. Har gobe idan aka yi girgizar ƙasa ko ambaliya, shi ne abin da mata da 'yan agaji ke fara dunƙulawa a kai wa waɗanda suka rasa matsuguni.

Da can abincin gida ne, uwa ke yi wa ɗanta ya tafi makaranta. A 1978 kamfanin 7-Eleven ya fara sayar da shi a kantunansa, da wata dabarar leda da ke raba ganyen da shinkafar har sai lokacin ci, don kada ganyen ya yi laushi. Daga nan ya zama kayan masana'anta da injuna ke bugawa dare da rana. Duk da haka na hannu bai rasa kasuwa ba. Shagon Yadoroku da ke unguwar Asakusa, wanda aka buɗe a 1954, ya shiga littafin Michelin na fitattun gidajen abinci na 2019. Shi kuwa shagon Bongo na unguwar Otsuka, da aka kafa a 1960, yana da abin haɗi sama da iri 50, kuma mutane kan yi sa'o'i a layinsa.

Shekarar Da Shinkafa Ta Kori Minista

Cin shinkafa ya daɗe yana raguwa a Japan. A 1962 mutum ɗaya yana cin kimanin kilo 118 a shekara, amma a 'yan shekarun nan bai wuce kilo 50 da 'yan kai ba, saboda burodi da taliya sun shiga gidaje. Tun farkon shekarun 1970 gwamnati ta riƙa sa manoma su rage noman shinkafa don kada farashi ya faɗi, kuma sai a 2018 ta soke tsarin a hukumance. Ta kuma gina wa ta waje katanga. Baya ga kimanin tan 770,000 da take shigowa da su duk shekara bisa yarjejeniyar kasuwancin duniya, duk kilo ɗaya da ɗan kasuwa ya shigo da shi sai ya biya yen 341 kuɗin duwan, wato sama da jaka guda ta sefa.

Ke nan abin da ake nomawa daidai ci ne, babu rara mai yawa. Da tsananin zafi ya taɓa amfanin 2023, sannan a watan Agusta na 2024 hukuma ta yi gargaɗin yiwuwar babbar girgizar ƙasa, sai jama'a suka ruga saye suna ɓoyewa, kantuna suka wayi gari babu shinkafa. Ƙunshin kilo 5 da ake saye kusan yen 2,000 ya haura yen 4,200 a watan Mayu na 2025, duk da cewa tun watan Maris gwamnati ta fara buɗe rumbunanta na tsimi. Ana cikin haka ministan noma, Taku Eto, ya faɗa a bainar jama'a cewa shi bai taɓa sayen shinkafa ba, domin magoya bayansa suna kawo masa kyauta. Maganar ta harzuƙa mutane, cikin 'yan kwanaki ya ajiye muƙaminsa. Wanda ya gaje shi a lokacin, Shinjiro Koizumi, ya sayar wa manyan kantuna tsohuwar shinkafar rumbu kai tsaye, aka riƙa sayar da kilo 5 kusan yen 2,000, mutane suna bin layi tun da safe.

Mu da muka ga abin da rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya yi wa buhun shinkafa, da yadda farashi ya tashi lokacin da Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta a 2023, wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. Mai onigiri ma ya fi mai tuwo shiga tsaka mai wuya, domin shi ba shi da miyar da za ta rufa wa shinkafa asiri. Idan ya sauya ta da mai araha, harshen mai saye zai gane tun a cizon farko. Idan ya rage girman dunƙulen, tafin hannu zai gane. Hanyar da ta rage ita ce ƙarin kuɗi a fili, kuma ita manyan kantunan suka bi a 2025, har dunƙulen da aka saba saye yen ɗari da 'yan kai ya doshi 200. Na rumfunan kasuwa, da yake ya fi girma kuma aikin hannu ne, ya fi haka tsada.

Ga Mai Niyyar Zuwa

'Yan kasuwarmu da harkar motoci ko kayan gyara ke kai su Japan za su sami onigiri cikin abinci mafi sauƙin kuɗi da sauƙin samu. Sai dai a kula da abin haɗin. Akwai masu naman alade, akwai kuma waɗanda ake dafa haɗinsu da wani ruwan zaƙi mai suna mirin, wanda ke da barasa a ciki. Mafi kwanciyar hankali shi ne wanda ake kira shio musubi, shinkafa da gishiri kawai, sai mai umeboshi ko mai kifi da gishiri, kuma tambaya ba ta ɓata ciniki. A riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan rumfuna da yawa ba sa karɓar kati. A kuma je da safe, saboda yawancin rumfunan Tsukiji suna rufewa da rana tsaka, kuma da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Ga masu sayar da abinci a tashoshinmu da bakin iyaka kuwa, abin dubawa a nan a fili yake. Kaya iri ɗaya ne, an iya shi sosai, an rubuta kuɗinsa kowa yana gani, an tsabtace wurin, an sallami mai saye da wuri ya koma bakin aikinsa. Babbar kasuwar da ta haifi waɗannan rumfuna ta tashi tun 2018, shinkafa ta ninka kuɗi a 2025, amma mai saye da ya san abin da zai tarar a cikin dunƙulen ya ci gaba da dawowa. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.