WAYAR SALULA A HANNUN YARANMU

'Yan'uwa manoma, tun kaka da kakanni babba ne ke koya wa yaro riƙon kayan aiki. Uba ba ya miƙa wa ɗansa lauje sai ya nuna masa inda kaifi yake, ba ya kuma sakar masa garmar shanu sai ya bi bayansa kunya biyu ko uku. To, wayar salula ta juya wannan tsari. Tun da aka fara ta a Nijeriya a 2001, har ta iso ƙauyukanmu na ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, yaro ne ke koya wa babba. Shi ke karanta saƙo, shi ke sa kati, shi ke tura kuɗi. Wannan ba laifi ba ne. Amma iya danna waya dabam, sanin halin mutane dabam. Na farkon yana wurin yaro, na biyun kuwa yana wurin iyaye.

Mu fara da kuɗi, gama a nan ƙungiyoyinmu suka fi kasada. Sa'ad da aka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023, manoma da yawa suka koma ciniki ta banki da wurin masu POS. Yau kuɗin taki na ƙungiya sukan kwana a asusun ma'aji, ma'ajin kuwa sau da yawa ɗansa ne ke duba masa waya. Watau gumin gida ashirin ko talatin yana hannun yaro ɗan shekara goma sha huɗu.

Ga yadda ɗan damfara ke yi. Zai buga waya da murya mai daɗi, ya ce daga banki yake, za a rufe asusu yau idan ba a gyara BVN ba. Ko ya ce sunanku ya fito a tallafin taki. Sai ya nemi lambobin jikin katin ATM, sa'an nan ya ce, “Yanzu wani saƙo zai shigo, karanta mini lambar da ke ciki.” Wannan lambar ita ce mabuɗin rumbu. Da an karanta masa, shi ke nan. Banki ba ya buga waya ya tambayi lambar sirri, ko lambobin kati, ko lambar da ta shigo ta saƙo. Duk wanda ya tambaya, ɓarawo ne, ko da ya faɗi sunanka da na mahaifinka daidai.

Abin lura a nan shi ne, tarbiyyar da muka ba yaranmu ita ɗan damfara ke amfani da ita. Mun koya musu kada su yi wa babba gardama, kada su katse masa magana. Saboda haka tilas ne uba ya faɗa wa ɗansa a fili: a kan maganar kuɗi ta waya, an yardar maka ka ce, “Sai Baba ya je banki da kansa,” ka kashe. Muna ba da shawara a gwada wannan a taron ƙungiya. Wani dattijo ya zama ɗan damfara, yara su amsa ɗaya bayan ɗaya. Za a sha dariya, amma bakin yaro zai saba da cewa a'a.

Har wa yau, yaron da aka yaudara kada a tarye shi da bulala. Idan ya faɗa nan take, ana iya kiran banki a toshe kati kafin a kwashe sauran. Idan tsoron duka ya sa ya yi shiru har gobe, sai a tarar da asusu wayam. Haka kuma a koya masa kada ya saki buhu don mai saye ya nuna saƙon “an tura”. Akwai saƙon ƙarya. Sai ya duba ragowar kuɗin asusun da idonsa.

Magana ta biyu ta fi ta kuɗi nauyi. Duka muna tune da watan Satumba na 2021, lokacin gwamna Bello Matawalle, da hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka rufe layukan waya a dukan Jihar Zamfara. Dalilin da aka bayar shi ne 'yan bindiga na samun labari ta waya daga masu tsegunta musu a cikin gari. Mutanen Banga kuwa ba sa bukatar a tuna musu da 2025, da aka kwashe mutane fiye da hamsin, aka kashe da yawa daga cikinsu bayan an biya fansa. A irin wannan ƙasa, labarin wanda ya sayar da sa, da wanda zai tafi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, da hanyar da sojoji suka bi, ba hira ba ce. Yaro yana iya faɗin su ba da mugun nufi ba, ko ya ɗauki hoton buhunan gero ya sa a Facebook don alfahari da gonar ubansa. A zaunar da shi a gaya masa dalili. Yaron da ya san dalili ya fi riƙe doka.

A kuma hana shi ba da aron layi. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Idan aka yi mugun aiki da layin, wanda sunansa ke kai shi za a fara nema. Saurayin da baƙo ya ba shi 'yan kuɗi ya ce ya yi masa rajistar layi, ko ya riƙa kai masa wayoyi caji, ko ya sayo masa kati, ya zo ya faɗa a gida a ranar.

Jita-jita ma da nata. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka kwanta asibiti, waɗansu suka mutu. Doka ɗaya ta isa: saƙon da ya ce “tura wa kowa yanzu”, a nuna wa babba tukuna.

Ana yawan tambayarmu shekarun da ya kamata yaro ya mallaki waya. Facebook da WhatsApp da TikTok su da kansu sun ce sai ɗan shekara 13. A ganinmu, ƙaramar waya mai maɓalli ta ishi ɗan firamare, in ma lalle ne. Babbar waya kuwa ta kwana a ɗakin iyaye. Uwa ta gaya wa 'yarta, hoton da ya bar hannunta ba ya dawowa, ko wanda ya roƙa ya rantse. Uba ya san shagon cajin da ɗansa ke zama, domin a can ake loda fina-finai, a can kuma ake koyon cacar ƙwallo.

Kada wani ya ce mun ce a ƙwace wayoyi. Yaron da aka ba shi aiki da waya ya fi wanda aka bar shi da ita kawai. Tsutsar masara da ta shigo Nijeriya a 2016 tana fara ɓarna ne a cikin kan masara. Yaro na iya ɗaukar hoton ganyen ya tura wa malamin gona kafin a kashe kuɗi a kan maganin da bai dace ba. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ɗan sakandare ya nemo na Zamfara ya karanta wa taro. Kowace ƙungiya kuma ta zaɓi matasa biyu, namiji da mace, ta saya musu littafin rubutu, su riƙa tambayar farashin wake da gyaɗa a Kaura da Shinkafi kowane mako suna rubutawa, sakatare ya duba kafin a yi hayar mota.