Garkar bayan ɗaki: ku ajiye irin ganyenku

Manoma maza da mata, ku karanta wannan, ku karanta wa maƙwabta.

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani. Shu da salati suka yawaita a garake, kamar na Mirya. Amma irin shu saye ake yi kowace shekara. Dalili, shu da danginsa, har da wani ganyen Turai wanda ba ya dunƙulewa, suna son sanyi mai tsawo kafin su yi fure. Sanyinmu ba ya isarsu. Kuma irin fakiti mai alamar F1, ko ya yi ƴaƴa, ba sa kama da uwar.

Alayyafo, rama da yakuwa kuwa, ganyenmu ne na gado. Sun san zafin Damagaram, suna ba da iri kyauta. Wanda ya cinye irinsa, baɗi sai ya kwance kuɗi a kasuwar Dole.

Ga yadda ake yi da alayyafo:

1. Birni ƙasar duwatsu ce, ruwa da wuya. Ku yi ƙaramin fangali, faɗi mita 1, tsawo mita 2. Ku zuba ruɓaɓɓen takin awaki, ku kewaye da kara saboda kaji.

2. Irin ƙanana ne ƙwarai. Ku gauraya shi da rairayi kafin ku yafa.

3. Ku ba da ruwa safe da marece. Tsari da ruwan alwala sun isa, ban da ruwan sabulu.

4. Bayan mako 3 zuwa 4 sai yanka. Ku bar taƙi ɗaya daga ƙasa, zai sake toho.

5. Ku zaɓi gindi 5 masu faɗin ganye, marasa cuta, waɗanda ba su yi saurin fure ba. Ku ɗaura musu tsumma. Waɗannan na iri ne, kada a taɓa su.

6. In kan ya bushe, ku yanke, ku shanya a inuwa, ku murza, ku sheƙe. Ku zuba cikin kwalba busasshiya tare da toka, ku toshe, ku rubuta suna da shekara.

Rama da yakuwa ma haka, sai dai a bar ƙwansonsu ya bushe a jikin kara.

Ganyen nan yana ƙara jini, yana taimakon ido, musamman ga yara da masu ciki. In irinku ya yi yawa, ku ba maƙwabciya. Ranar da naku ya ɓace, a wurinta za ku samu.

Allah ya ba mu albarkar noma.