Ribar da Malamin Jami'a ke Samu Daga Duba Kundin Ɗalibai

Da yawa daga cikin malaman jami'a suna ɗaukar duba kundin digiri na biyu da na uku a matsayin nauyin da aka ɗora musu a kan koyarwa, alhali tarihin ilimin Musulunci ya nuna cewa ɗalibi ne ke raya sunan malaminsa. Imam Laisu ɗan Sa'ad, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 175 bayan Hijira, ya yi zamani da Imam Malik, har an ruwaito cewa Imam Shafi'i ya fifita shi a kan Malik a fagen fiƙihu, sai dai almajiransa ba su tsaya wajen adana iliminsa ba. Mazhabarsa ta shuɗe. Shi kuwa Malik ya samu Ibnul Ƙasim, wanda Sahnun ya ɗauki amsoshinsa ya tattara su a cikin Mudawwana, littafin da ya zama ginshiƙin mazhabar da muke bi a wannan yanki har yau.

A tsarin jami'a na zamani ribar ta fi fitowa fili. Kwamitin ƙarin girma yakan duba maƙalolin da malami ya wallafa, kuma a jami'o'i da dama yawan ɗaliban da ya yaye a manyan digirori na cikin abin da ake aunawa kafin a ba shi kujerar farfesa. Ɗaliban nan, idan suka bazu a wasu jami'o'i, su ne za su ambace shi in ana neman mai jarrabawa daga waje ko mai gabatar da maƙala a taro.

Amma a ganina babbar riba ita ce ta ilimi. Malamin da ya shekara ashirin yana maimaita darasi ɗaya, iliminsa kan daskare bai sani ba. Ɗalibin da ya zo da rubutun hannu daga Gidan Arewa a Kaduna ko daga ɗakin karatun Waziri Junaidu a Sakkwato, yana son ya yi tahƙiƙinsa, zai tilasta wa malaminsa ya koma ga littattafan da ya daɗe bai buɗe ba, ya gwama kwafi da kwafi, ya bi diddigin hadisin da marubucin ya kawo ba tare da isnadi ba. Sau da yawa a irin wannan zama ne malami ke tsintar matsalar da za ta zama bincikensa na gaba.

Akwai inda ribar ke rikiɗewa ta zama cin amana. Malami ya karɓi ɗalibai fiye da ƙarfinsa, babi ya yi wata shida a kan teburinsa, sannan ya sa sunansa a gaban maƙalar da bai taɓa gyara ko layi ɗaya a cikinta ba: wannan ƙawata kai ne da abin da ba a ba mutum ba, wanda hadisi ingantacce ya yi hani a kansa. Haɗa suna a maƙala yana halatta ne idan malamin ya sa hannu a tsara tambayar binciken ko nazarin nassoshi, kuma ɗalibin ya amince ba don tsoron a riƙe masa kundi ba.