SHIBRA: CIYAWAR DA KE SHIGAR GERO

Ya ku manoma da dagatai, a cikin ciyayin da ke fitowa gonar gero babu mai wuyar ganewa kamar shibra. Ƙarangiya da harƙiya ko yaro ya san su, amma shibra 'yar'uwar gero ce ta jini, watau barbarar geron gida ce da geron daji. Shekara guda take yi ta mutu, sai dai kafin ta mutu ta riga ta zubar da 'ya'yanta a ƙasa, suna jiran damina mai zuwa.

Lokacin firi da wuya a rarrabe su. Duk da haka mai lura zai ga ganyen shibra ya fi siranta, kuma sau da yawa takan tsiro a gefe, ba cikin ramin da aka yi shuka ba. Duk gero da ya fito inda hannu bai sa shi ba, a tuhume shi. In ta girma sai ta yi rassa barkatai daga gindi, karanta siriri, ta riga gero fid da kai. Zangarniyarta gajera ce mai gashi, tsabarta ƙanana, lulluɓe da ƙaiƙayi. To, akwai geron kirki mai gargasa, saboda haka gashi kaɗai ba shaida ba ne. Babbar shaida ita ce wannan: a kama zangarniya nunanniya a shafa ta da hannu. Ta gero tana riƙe tsabarta sai an sussuka. Ta shibra kuwa nan da nan sai ta kakkaɓe.

Wasu sukan bar ta da gangan, domin tana nuna da wuri, ta tsare gida kafin sabon hatsi ya shigo. Ba a ga laifin mai yunwa ba, amma bashi ne ya ci. Iska tana ɗaukar bununin shibra ta kai kan gero, sa'an nan irin da aka ɗiba a wannan gona ya haifi shibra baɗi, har a gonar maƙwabci.

Saboda haka a tumɓuke ta da saiwa kafin ta yi bununi, a ba dabbobi. Iri kuma a zaɓe shi tun gero yana tsaye, daga tsakiyar gona, nesa da shibra, a ɗaure daminsa dabam. Dagatai su sa unguwa ta yi aikin nan tare, gama gona ɗaya da aka ƙyale ta isa ta ɓata na kewaye da ita.