Faɗakarwa Ga 'Yan Hatsi Da Dillalai A Kan Rajistar Kiran Waya

 Ku sani galibin cinikin hatsinmu a yau a bakin waya ake ƙulla shi. Mutum yana zaune a Malali ko Kawo, ya sayi mota guda ta masara a Saminaka ko Giwa, ko ya ji farashin gero a Dawanau, bai taka ko'ina ba. To, cinikin da aka ƙulla a waya, in gardama ta tashi, ina shaida? Da yawanmu sai su ce ai kiran yana cikin waya. Wannan magana tana bukatar gyara.

Da can, zamanin P&T da kuma NITEL wadda aka kafa a 1985, mai tarho a Kaduna, wato mai lambar da ke farawa da 062, takardar kuɗi ake kawo masa daga ofis, ya adana ta a akwati. Da wayar hannu ta shigo a 2001, sai aka koma sayen kati, takarda ta ɓace. Amma rubutun bai ɓace ba, wuri ya sake. Yanzu kowane kira yana barin sawu a wuri uku, kuma kowane sawu da iyakar kwanansa.

Na farko shi ne jerin da ke cikin wayarka: wanda ka kira, wanda ya kira ka, da wanda ka rasa. Wannan shi ne mafi rauni. Waya tana da iyakar abin da take riƙewa, sabon kira yana ture tsoho, musamman ƙananan wayoyi masu maɓalli. Dillalin da ke amsa waya tun asuba a lokacin kaka, kafin mako ya zagayo kiran Talatar da ta wuce ya fita. In wayar ta faɗa ruwa, ko an sace, ko mai gyara ya wanke ta, shi ke nan. Kuma kowa yana iya share kira da yatsa ɗaya. In agogon wayar ba daidai yake ba, lokacin da za ta rubuta ma ba daidai ba ne.

Na biyu shi ne rajistar kamfanin layi, irin su MTN da Airtel da Glo. Can ana rubuta lambar mai kira, da lambar da aka kira, da rana, da sa'a, da tsawon maganar, da turken sabis ɗin da wayar ta kama. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 38, ta wajabta wa kamfanoni su adana irin wannan bayani har shekara 2. Ba ka da ikon share shi, abokin cinikinka ma ba shi da iko. Sai dai ba a miƙa wa kowa rajistar layin wani don ya tambaya. Sai ta hannun jami'an tsaro ko umarnin kotu. Bayan shekara 2 kuwa, kada ka sa rai. Kuma a lura, kiran WhatsApp ta intanet yake bi, ba ya shiga wannan rajista a matsayin kira.

Na uku na masu manyan harkoki ne, kamar kamfanonin abincin kaji da masu rumbunan ajiya, waɗanda ke da na'urar rarraba waya a ofis, kowane ma'aikaci da lambarsa ta ciki. Ita wannan na'ura tana rubuta wane ma'aikaci ya amsa, da ƙarfe nawa, wata ma tana naɗar murya. Amma kwanan ajiyarta yana ga yadda aka saita ta. In wa'adin ya cika ko ma'ajinta ya cika, sai ta share na baya da kanta. Duk mai irin wannan na'ura ya kira wanda ya haɗa masa ita ya tambaye shi kai tsaye: kwana nawa take riƙewa, kuma wa ke da mabuɗin dubawa? Mu kuma masu kai musu kaya, kada mu dogara da ajiyar da ba a hannunmu take ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Rajistar kira tana shaida cewa an yi magana, ba ta shaida abin da aka faɗa. A ce dillali ya kira ka bayan la'asar, kun daidaita a kan buhu 100 na masara, kowanne kuɗi kaza. Kafin mota ta iso kwana biyu sun wuce, kasuwa ta tashi, ya ce shi ba haka ya faɗa ba. Ka buɗe waya gaban shugabannin kasuwa, ga kira nan na minti uku. Sai me? Shi ma bai musa kiran ba, farashin ya musa. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da na'ura ta fitar a kotu bisa sharuɗɗa, amma na'ura ba za ta faɗi abin da ba ta rubuta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma waya ba ta ɗauke mana wannan ba.

Saboda haka ga shawararmu. Da zarar an ajiye waya, tura saƙo a rubuce ga abokin cinikin: irin hatsi, yawan buhu, tiya nawa a buhu, farashi, wa zai biya lodi da kuɗin mota, la'ada nawa, da ranar biya. Ka nemi ya amsa ko da kalma ɗaya. Wanda ba ya karatun boko ya yi saƙon murya, ya ambaci ranar da bakinsa. Sa'an nan ka shigar da shi littafin shago, da ajami ko da boko, tare da sa'ar kiran, don littafi da waya su gaskata juna. Kowace Juma'a a ɗauki hoton jerin kiran manyan cinikayya a ajiye a wani wuri dabam. Mu a ganinmu a riƙe waɗannan har kaka biyu, na bashi kuwa har sai an biya an yafe juna.

Sai maganar layin shago. Tun rajistar layuka ta 2011, da haɗa layi da lambar NIN da aka soma a ƙarshen 2020, layi na wanda sunansa ke kansa ne. In da sunan yaronka aka yi rajista, ran da kuka rabu ya tafi da lambar, da masu sayenka, da ikon neman bayaninta. Mai shago ya yi rajista da sunansa, ko da sunan kamfaninsa in yana da shi. Haka kuma kada a jefa layin ciniki a aljihun tebur daga kaka zuwa kaka, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani.

Ajiya kuma amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana riƙe bayanin mutum fiye da bukata ko ba da shi ba bisa ƙa'ida ba. Mai naɗar murya ya sanar da abokin maganarsa tun farko. Lambobin manoma da masu saye ba kayan rabo ba ne, balle a wannan zamani da ɓarayi ke farautar sanin wanda ya sayar da kaya ya riƙe kuɗi.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya raba mu da gardama. Wassalam.